DANDALIN NA'URA: Sunan kan kwali ba shi ke buga faifai ba

Maganar wannan watan a kan wata na'ura ce da wasu ke ganin zamaninta ya wuce, amma har gobe ana cigiyar ta a kasuwa, wato na'urar buga faifan CD, wadda yaran shago suka fi sani da raita.

Duk wanda ya yi wayo a Kano a tsakiyar shekarun 2000 ya ga yadda faifai ya ture kaset. Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa su Sangaya da Wasila, kaset ɗin bidiyo ne ke jan zarensa a Ƙofar Wambai da Bata. Da faifan VCD ya kama ƙasa, sai harka ta canza salo. Daga Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suka yi dandazo, zuwa Gyadi-Gyadi da Tarauni har cikin lungunan Ƙauyen Alu, yaro in ya samu kwamfuta ɗaya da raita da ɗan janareta, to ya zama mai sana'a. Shi ne buga bidiyon biki, shi ne na walimar saukar karatu, shi ne wa'azi, shi ne waƙar sabon mawaƙin da ke neman a san da zamansa.

Yanzu kuwa waya da memori da YouTube sun karɓe fagen. Mai son fim sai ya leƙa wajen masu turawa a Farm Centre, ko ya sauke abinsa yana kwance a ɗaki. Mafi yawan sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ma ba sa zuwa da gurbin faifai. To me ya rage wa raita? Babban aiki kuwa: ceto. Gidaje da dama akwai faya-fayai jibge a akwati ko a ƙarƙashin gado, wasu na tsofaffin finafinan da ba a samun su a intanet, wasu na bikin iyaye. Faifai kuma ba dutse ba ne, yana lalacewa.

CINIKIN BIRI A SAMA

A ɗauki misali da wani saurayi a Ƙauyen Alu. Mahaifiyarsa ta ɗauko faifan bikinta, ƙwaya ɗaya tal, ta ce: "Ungo nan, a juye min shi a waya, a kuma buga wa ƙanwata nata. Ka kula da shi fa, a nan kaɗai hoton kakarka yake tana magana." Yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya nufi Titin Beirut.

"Maigida, raita nake so. Wacce ce mai kyau?"

"Ai ɗan'uwa ka zo gida. Ga wannan, orijina ce, sabuwa dal. Kai dai dubi sunan kamfanin kawai."

Yaro ya dubi suna, ya ga wanda ya saba gani a jikin talabijin, ya biya ya taho. Da daddare ya jona. Faifan Umma ya yi rabi ya tsaya cik, na'ura sai gurnani take. Wanda ya gwada bugawa kuma ya yi a kwamfuta, amma da aka sa shi a bidiyon falo sai hoto ya dinga daskarewa. Washegari ya koma, mai shago ya ce faifansa ne ba kyau. Shi ke nan, kuɗi sun tafi, aiki bai yi ba.

Kuskuren yaron ɗaya ne: ya sayi suna, bai sayi aiki ba.

WAYE YA ƘERA TA?

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, tun fil azal kamfanonin da ke ƙera raita da kansu 'yan kaɗan ne. Saura sari suke yi su manna sunansu. Raitocin Sony da dama na farkon shekarun 2000, kamfanin Lite-On na ƙasar Taiwan ne ya ƙera su. Plextor ta Japan, wadda masana suka ɗauka sarauniyar raitoci, ita ma daga baya ta koma sa sunanta a kan kayan da wasu suka ƙera. Yamaha kuwa, mai fiyanon nan da ya raya waƙoƙin finafinan Hausa, ta yi raitoci masu kyau, amma ta fice daga harkar tun 2003.

Manyan ma haɗa gwiwa suka yi. Hitachi da LG suna aiki a inuwa ɗaya tun 2001. Toshiba da Samsung sun haɗe a 2004. Sony da NEC sun kafa Optiarc a 2006, sannan Philips da Lite-On suka bi sahu a 2007.

Amfanin sanin wannan shi ne, raita tana da suna biyu: na kan kwali, da wanda take gaya wa kwamfuta. Na biyun ne ba a cika iya yi wa kwaskwarima ba. Da zarar an jona ta, manhaja irin su Nero ko ImgBurn za ta nuna shi a fili. In aka ga HL-DT-ST, aikin Hitachi da LG ne. TSSTcorp na Toshiba da Samsung ne. PLDS na Philips da Lite-On. MATSHITA kuma Panasonic ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar: an rufe Optiarc a 2013, haɗakar Toshiba da Samsung kuma ta durƙushe a 2016. Saboda haka duk raitar da ta nuna TSSTcorp, ba jiya aka ƙera ta ba, ko da kwalinta yana ƙyalli. Da yawa daga cikin 'yan ƙananan raitoci masu araha da ake jonawa ta USB, tsohon injin kwamfutar gwanjo ne aka zura a sabuwar roba. Ba laifi ba ne sayen na hannu, wani tsohon ma ya fi sabo ƙarko. Laifin shi ne a sayar wa mutum tsoho da kuɗin sabo. In ana iya ganin takardar da ke manne a jikin injin, akan rubuta wata da shekarar da aka ƙera shi. A duba.

BA GIRIN-GIRIN BA...

Abu na biyu da ke ruɗar masu saye shi ne lambar gudu. A kwalin tsofaffin raitoci akan ga lamba uku, misali 52x32x52. Ta farko gudun bugawa ce, ta biyu gudun bugawa a faifan da ake iya gogewa a sake, ta uku gudun karantawa. A gudun 1x, faifai mai minti 80 zai ci minti 80 cur kafin ya gama. A 52x kuwa bai fi minti uku ba. Sai dai wannan 52 ɗin ba tun daga farko ake samun ta ba, sai aiki ya kusa kai bakin faifai. Siraran raitocin USB kuma yawanci 24x ce iyakarsu.

Tsofaffin hannu a harkar ba sa sakar wa raita linzami. Sukan tsaya a tsaka-tsaki, kamar 16x, domin bidiyon gida da rediyon mota sun fi kwamfuta tsirfa, ɗan kuskure kaɗan sai su ƙi faifai. Don haka babbar lamba a kwali ba shaidar inganci ba ce. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Haka nan akan cika baki da maganar kariya. A da, in kwamfuta ta ɗan yi jinkirin tura bayani ana tsakiyar bugu, faifai ya tashi aiki, sai dai a rataye shi a keke don ado. A shekarar 2000 kamfanin Sanyo ya fito da dabarar BURN-Proof, wadda ke sa raita ta dakata sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Ricoh ta yi tata mai suna JustLink, saura ma kowa ya yi tasa. A yau kusan kowace raita tana da irin wannan, ba abin da za a ƙara wa mutum kuɗi a kai ba ne. Kuma a sani, ba ta maganin ɗauke wuta. In aka yi ƙyaf ana cikin bugu, faifai ya tafi, sai dai in akwai UPS ko kwamfuta mai batiri.

RABIN LAIFIN NA FAIFAI NE

A yi wa mai shagon can adalci: wani lokaci da gaske faifan ne. Faifan kamfani a injin matsi ake yin sa. Wanda ake bugawa a shago kuwa wani siririn rini ne a cikinsa, hasken raita ke ƙona shi ya bar alama. Shi ya sa rana da zafi ke cinye shi. Faifan da aka bari a gaban gilashin mota a watan Afrilu a Kano, sai dai a yi masa addu'a.

Shi ma faifai sunansa biyu. Kowane fankon faifai yana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi, kuma ImgBurn kan nuna ta. Taiyo Yuden ta Japan, wadda ta ƙirƙiro irin wannan faifan a 1988, ita ce aka fi yabo, amma ta daina yi a ƙarshen 2015, ta miƙa fasahar ga CMC Magnetics ta Taiwan. Ita dai CMC ɗin ce ta sayi Verbatim a 2019. Darasin dai ɗaya ne: suna yana nan, amma hannun da ke aikin yana canzawa. Mai hankali ba ya yanke wa raita hukunci da faifai iri ɗaya. Sai ya gwada iri biyu ko uku.

GANI YA KORI JI

To, yaya za a yi? Mai saye ya fita gida da faifai huɗu a aljihu: faifan CD na kamfani, faifan DVD, wani tsohon da aka buga a shago mai 'yan ƙarce-ƙarce, da fanko sabo. Kada ya kuskura ya ɗauki faifan da ba shi da na biyu, irin na Umma. Ba a gwajin zurfin ruwa da jariri a goye.

Da farko a buɗe a rufe sau da yawa, a ga ko ƙofar tana sarƙewa. Sannan a sa CD, a sa DVD. Wannan yana da muhimmanci, domin hasken da ke karanta CD daban, na DVD daban, ɗaya yana iya mutuwa ɗaya na aiki. Mai shago zai iya nuna fim a DVD tar, alhali ɓangaren CD ya daɗe da rasuwa.

Sai a sa tsohon faifan nan mai ƙarce. A nan ake gane raita ta ƙwarai, musamman ga mai aikin ceto. In ta karanta shi ba da dogon nishi ba, alama ce mai kyau.

Daga nan a buga fanko, kuma a cika shi taf, kada a tsaya a waƙa biyu. Dalili shi ne, ana fara rubutu ne daga tsakiyar faifai a nufi baki, kuma a bakin ne matsala ta fi fitowa. Shi ya sa fim kan yi lafiya lau, sai an zo daidai inda asirin mugu zai tonu hoto ya daskare. A sa manhajar ta tantance abin da aka buga da na asali. In da hali a sa faifan a bidiyon gida, a tsallaka kai-tsaye zuwa mintocin ƙarshe.

Wanda zai yi sana'a da ita ya nemi a buga uku a jere, domin wata raitar sai ta ɗau zafi take nuna halinta. Kuɗin fanko uku bai kai ciwon ran mai biki ɗaya ba.

A ƙarshe a karɓi rasit, a yi magana ƙarara a kan kwana nawa za a iya dawo da ita. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba da amsa. Kuma kafin a je wajen mai sayarwa, a fara biyawa ta wajen mai gyara. Shi ya san irin waɗanda ke yawan dawowa teburinsa, kuma ba shi da kayan da yake neman rabuwa da su.

BAYAN AN SAYA

Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabar raita ce, domin tana hawa ɗan gilashin da hasken ke fita. A dinga rufe ta in ba a aiki. Mai ceton tsohon VCD kuma ya fara juye shi a kwamfuta kafin komai. Fim ɗin yana cikin jakar da aka rubuta wa MPEGAV, sunansa yakan fara da AVSEQ. A ajiye shi wuri biyu ko uku, a waya, a kwamfuta, da sabon faifai. Kwafi ɗaya kamar babu ne.

Sai jan kunne. Wannan na'ura ta ciyar da gidaje, amma ita ce kuma ɓarayin zaune suka yi amfani da ita suka karya furodusoshi da dama, fim na fita yau, gobe an cika gari da na jabu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana nan daram. Ceton bidiyon bikin gida daban, buga guminsu Ali Nuhu a sayar ba da izini ba daban. Masoyin fim na gaskiya ba ya kashe abin da yake so.

Shi kuwa saurayin Ƙauyen Alu, da ya san wannan tun farko, da minti 20 na gwaji a shago sun ishe shi, da tuni Umma tana kallon mahaifiyarta a waya tana share ƙwalla. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.