Fuskar da ke cikin waya ta wace ce?



Ran Lahadi bayan sujada muka tsaya ɗaukar hoto da 'yan matan ƙungiyar mawaƙa. Da hoton ya iso rukuninmu na WhatsApp, da ƙyar na gane ƙanwata. Yarinyar da ta wuni tana karyar masara a gonarmu a Mahuta ta koma fara sol, hanci ya tsuke. Na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Yaya, in ban sa filta ba, ba wanda zai yaba."

Kafin mu ga laifinta, mu tambayi wanda ya koya mata. A 2018, Joy Buolamwini ta jami'ar MIT a Amurka da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni. Kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. Ashe ba da irin fuskokin 'yan matanmu aka horar da na'urorin ba. A 2021 kuma, takardun da Frances Haugen ta fallasa sun nuna kamfanin Facebook ya san Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu.

Abin ba ya tsayawa a waya. Wadda ta saba da farar fuskarta a allo, gobe man bilicin za ta nema a kasuwar Funtua ko Malumfashi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan waɗannan mayuka. Wasunsu na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda.

Wani zai ce ai ado ne, kamar lalle da kwalli. Ban ƙi ado ba. Amma lalle yana ƙawata hannun da kike da shi ne. Filta kuwa cewa yake yi fuskarki kuskure ce, sai an gyara.

Mu ma a zumunta akwai namu laifin. Sau nawa aka yi wa 'yan mata faɗa a kan hotunansu? Sau nawa aka tsawata wa saurayin da ya yaɗa hoton budurwa ba da izininta ba, ko ya yi mata ba'ar baƙar fata? Ita take shan kunya, shi kuwa ya sha dariya. Littafin Farawa ya koya mana namiji da mace duka cikin kamannin Allah aka halicce su. Wanda ya raina fuskar 'yar'uwarsa, aikin wa ya raina?

Ba na cewa a ƙwace wa 'yan mata waya. Da ita wasu suke tallar waken suya da ɗinki, wasu suke neman gurbin karatu. Roƙona biyu ne. 'Yar'uwa, a makon nan ki sa hoto ɗaya ba filta. Ɗan'uwa, hoton da ba naka ba, ya tsaya a wayarka.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga juna yadda ka yi mu. Amin.