Da Hemeti ya kama Burhan ranar farko, da yaƙin Sudan ya ƙare?

Jama'a, jiya a kara muka yi ta musu a kan wannan tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuta nawa ra'ayin.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, dakarun RSF na Hemeti suka afka wa fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartoum da sansanin jiragen yaƙi na Merowe. Sun kai hari har gidan Janar Burhan, masu tsaronsa da dama suka mutu, shi kuma ya maƙale a hedikwatar soja sai watan Agusta ya fito.

Wasu sun ce da an kama shi ran nan, shi ke nan an gama. Ni dai ban yarda ba. Soja ba mutum ɗaya ba ne, wani janar ɗin zai ɗauki ragama. Abin da ya ceci sojan Sudan shi ne wurare biyu da ba su kuɓuce musu ba: sansanin Wadi Seidna da ke arewa da Omdurman, inda jiragensu ke tashi, da kuma Port Sudan, bakin teku. Can gwamnati ta koma, ta nan kuɗi da makamai ke shigowa. Da RSF ta riƙe Merowe ta haɗa da Wadi Seidna a makon farko, to da labarin ya sha bamban.

Duk ɗan kara ya san wannan lissafin. Dabbobi suna Darfur da Kordofan, amma ragunan da ake kai wa Saudiyya ta bakin teku suke fita. Mai garke bai da hanya, mai hanya bai da garke. Haka ƙasar ta rabu: soja suka ƙwato Wad Madani a Janairu 2025, Khartoum a Maris, RSF kuma ta kama El Fasher a Oktoba.

Ran farko kowa ya ɗauka aikin kwana uku ne. Yau miliyoyi sun bar gidajensu, har da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. Mu da ke zaune a Kudu, idan wani ya ce "a yi ta ta ƙare", mu tuna masa wannan fa.

Allah ya ba su zaman lafiya, mu ma ya tsare mu.