TUTA ƊAYA, ƘOFA BIYU

Duk ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin da ya taɓa neman iznin shiga Turai ya san bizar nan da ake kira Shengen. Idan ofishin jakadancin Faransa ya buga masa ita a fasfo, yana iya sauka a Faris, ya hau jirgin ƙasa zuwa Jamus, ya zarce Italiya, ba tare da ya nemi wani sabon izni ba, muddin zamansa bai wuce kwana 90 cikin kwana 180 ba. Ya zuwa 2025 ƙasashe 29 ne suke cikin wannan shiri. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, bizar da ke kai mutum ƙasashen maƙwabtan Faransa ba ta kai shi wasu lardunan Faransa ita kanta.

Dalili kuwa shi ne Faransa ba a Turai kaɗai take ba. Tana da yankuna a hayin teku waɗanda ta riƙe tun zamanin mulkin mallaka. Akwai Gwadalub da Martinik a tekun Karibiyan, da Giyana a Amurka ta Kudu, da Reyuniyon da Mayot a Tekun Indiya. Waɗannan biyar ɗin larduna ne bisa ga dokar Faransa, matsayinsu ɗaya da na lardunan da ke kewaye da Faris. Mutanensu suna jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, suna tura wakilai majalisa, kuɗin Yuro suke kashewa. Bayan su akwai wasu yankunan masu ɗan ikon gudanar da harkokinsu, kamar Folinesiya da Sabuwar Kaledoniya a tekun Fasifik. Duk da haka, lokacin da aka tsara yarjejeniyar aiwatar da shirin Shengen a 1990, an rubuta ƙarara a sashe na 138 cewa, game da Faransa da Holan, shirin zai yi aiki ne a yankunansu na Turai kawai.

Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, mai fasfon Nijeriya ko na Nijar da aka gayyata taro a Martinik, ko ɗalibin da ya sami gurbin gajeren kwas a Jami'ar Reyuniyon, sai ya nemi biza ta dabam wadda aka rubuta a jikinta yankin da take aiki. Ofishin jakadanci ɗaya ne ke bayar da duka biyun, amma ɗaya ba ta tsayawa a madadin ɗaya. Bizar Shengen ta gajeren zama ba ta shigar da shi Reyuniyon, haka kuma bizar Reyuniyon ba ta shigar da shi Faris. Ga kuma wani tarko: jirage da yawa masu zuwa waɗannan yankuna daga filin jirgin saman Orly suke tashi, alhali mai zuwa daga Abuja ko Legas a filin Charles de Gaulle yake sauka. Fita daga wannan fili zuwa wancan shiga ƙasa ne a wurin jami'an shige da fice, saboda haka sai da bizar Shengen. Watau tafiya ɗaya tana iya bukatar biza biyu daga hukuma ɗaya. Akwai sassauci ga wasu, misali wanda ya riga ya mallaki takardar iznin zama a Faransa ta Turai, domin shi yana iya kai gajeriyar ziyara ba tare da sabuwar biza ba.

Ba Faransa kaɗai ke yin haka ba. Holan tana da biza ta musamman domin tsibiranta na Karibiyan, irin su Aruba da Kurasawo. Mai zuwa Girinlan ko tsibiran Faro sai Danmak ta rubuta masa a jikin biza cewa tana aiki a can. Ingila tana da yankuna 14 a hayin teku, kowanne da tasa dokar shige da fice. Amma kada a ɗauka nisa ne ya tilasta wannan tsari. Tsibiran Kanari na Sifen suna dab da gaɓar Maroko, tsibiran Azores na Fotugal kuwa suna can tsakiyar tekun Atlantika, amma dukkansu suna cikin shirin Shengen. Ashe ke nan al'amarin zaɓi ne na siyasa, kowace ƙasa ita ta yanke inda za ta kafa ƙofarta.

Ga ma'aikacin da ya yi kuskure, iyakar hasararsa kuɗin tikiti da jin kunya a gaban kanta. Akwai wurin da wannan zaɓi ya ci rayuka, shi ne Mayot, kuma tun da yake a Afirka take, ya dace a tsaya a dubi labarinta.

Mayot ɗaya ce daga cikin tsibiran Komoro guda huɗu da ke tsakanin Mozambik da Madagaska. Faransa ta karɓe ta a 1841, sauran ukun kuwa sun shiga hannunta a 1886. Ran 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan mulkin kai. Idan aka haɗa tsibiran gaba ɗaya, kusan kashi 95 cikin ɗari sun zaɓi 'yanci, amma a Mayot kimanin kashi 63 cikin ɗari sun ƙi. Sai Faransa ta ce za a ƙidaya ƙuri'ar tsibiri tsibiri. Shugaba Ahmed Abdallah ya yi shelar 'yancin Komoro ran 6 ga Yuli 1975, kuma a watan Nuwamban shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi sabuwar ƙasar a matsayin tsibirai huɗu. A Fabrairun 1976 Faransa ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, ta sake yin ƙuri'a a Mayot kaɗai, fiye da kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi zama tare da ita. Babban zauren Majalisar ya ci gaba da zartar da ƙudurori masu tabbatar da ikon Komoro a kan tsibirin har zuwa 1994, kuma Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta tsaya a kan wannan matsayi.

Duk tsawon wannan jayayya talakawa ba su daina zirga-zirga ba. Tsakanin Mayot da tsibirin Anjuwan kilomita 70 ne kacal. Harshensu dangin juna ne, addininsu ɗaya, an yi auratayya tun kaka da kakanni. Mutum yakan ƙetara domin biki ko ta'aziyya ko ciniki ko neman magani, ya koma gida. Zumunta a ƙafa take, su kuwa tasu a jirgin ruwa take.

Ran 18 ga Janairu 1995 gwamnatin Firayim Minista Edouard Balladur ta wajabta wa mutanen Komoro biza kafin su shiga Mayot. Abin lura shi ne, wata biyu bayan haka, ran 26 ga Maris 1995, aka cire shingen kan iyaka tsakanin Faransa da Jamus, ƙasashe biyu da suka gwabza yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945. A shekarar da aka buɗe hanya tsakanin tsofaffin abokan gāba a Turai, a cikinta aka rufe hanya tsakanin 'yan'uwan juna a Tekun Indiya.

Bizar ba ta hana mutane zuwa ba. Ta dai mai da su masu shiga ƙananan kwale-kwale masu inji, waɗanda ake kira kwasa-kwasa, cikin dare, a hannun masu fasa-ƙwaurin mutane. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum 7,000 zuwa 10,000 suka halaka a wannan mashigi tun daga 1995. Wannan lissafin Faransa ne da kanta. Har ila yau, wanda a dā yakan zo ya koma, yanzu idan ya tsallake da rai ba ya marmarin komawa, domin ya san abin da ya sha kafin ya iso. Ƙidayar 2017 ta nuna cewa daga cikin mutum 256,500 da ke zaune a Mayot, kashi 48 cikin ɗari baƙi ne a idon doka. A 2019 kaɗai an kori fiye da mutum 27,000 daga tsibirin. A 2020 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sami Faransa da laifi saboda tsare wasu yara biyu, mai shekara 5 da mai shekara 3, da tasa ƙeyarsu zuwa Komoro bayan an jingina su ga wani babban mutum da ba danginsu ba ne, alhali mahaifinsu yana zaune a Mayot bisa ƙa'ida.

Bayan ƙofar waje akwai kuma ta ciki. Mayot ta zama lardi na 101 na Faransa ran 31 ga Maris 2011, ta kuma shiga Tarayyar Turai a 2014. Amma yawancin takardun iznin zama da ake bayarwa a can, a Mayot kaɗai suke aiki. Baƙon da ya cika kowace ƙa'ida, yana aiki, yana biyan haraji, idan yana son zuwa Faris ko Reyuniyon sai ya sake neman biza, alhali takwaransa da ke Marseille yana yawo inda ya ga dama. Ta haka aka tara jama'a a tsibirin da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 374 ba, inda lissafin 2018 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na mutane suna ƙasa da ma'aunin talauci na Faransa. Dokar zama ɗan ƙasa ma an bambanta ta. Tun 2018, kafin yaron da aka haifa a Mayot ya sami haƙƙin da ake samu ta hanyar haihuwa a ƙasa, sai ɗaya daga iyayensa ya yi wata uku yana zaune bisa ƙa'ida kafin haihuwar. A 2025 aka tsananta, aka ce iyaye biyu, shekara guda.

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Mutanen Mayot sun zaɓi Faransa a 1974 da 1976, suka sake zaɓenta a 2009 da kashi 95 cikin ɗari, ba kuwa wanda zai ce muryarsu ba ta da daraja. Kukansu game da cunkoso a asibiti da makarantu, da ƙarancin ruwan sha, da rashin tsaro, kuka ne na gaskiya. Ana haihuwar yara kusan 10,000 a shekara a wannan ɗan tsibiri. Guguwar Chido ta Disambar 2024 ta rushe unguwannin kwano ta bar dubban mutane a fili. Kowace hukuma tana da ikon sanin wanda ke shiga ƙasarta. Sa'an nan shugabannin Komoro ba su kuɓuta daga zargi ba, domin juyin mulki bayan juyin mulki da rashin aikin yi su ne suka sa matasansu suke kallon teku.

To amma su kansu mutanen Mayot su ne suka fi kowa ƙorafi a kan takardar zama mai iyaka. A farkon 2024 sun toshe hanyoyi makonni da dama, kuma soke ta yana cikin manyan bukatunsu. Sun gane cewa an mai da tsibirinsu shinge ne domin kare Faris. Faransa tana cin moriyar yankunanta na hayin teku ƙwarai. Su ne suka ba ta ikon mallakar albarkatun ruwa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 10, na biyu a duniya bayan Amurka, a Giyana kuma take da tashar harba kumbo ta Kourou. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta ce wa duniya Mayot lardinta ne kamar kowane lardi, wajibi ne ta ɗauki nauyin wannan magana a ƙofar shige da fice kamar yadda take ɗaukarsa a taswira.

Wata doka da aka kafa a Agustan 2025 ta yanke cewa za a soke takardar zama mai iyaka daga farkon 2030. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai ya yi jinkiri, kuma bai taɓa tushen matsalar ba. Ya kamata Faransa da Komoro su zauna su tsara iznin ziyara mai sauƙi da araha, wanda zai bar mutum ya shiga jirgin ruwa na ƙa'ida da rana tsaka, ya yi zumuncinsa ko jinyarsa, ya koma. Ba sai an warware gardamar mallakar tsibirin ba kafin a yi wannan. Ya kamata kuma Tarayyar Afirka, wadda ta gāji wannan batu, ta sa maganar rayukan da ke salwanta a gaba da maganar tuta, ta matsa wa ɓangarorin biyu.

A nan gida kuwa, aikin da ke kan ma'aikatu da jami'o'i ƙarami ne amma yana da amfani. Jami'in da ke shirya wa ma'aikata takardun tafiya ya duba taswira kafin ya cika fom, ya tabbatar ko wurin taron yana Turai ko hayin teku. Ɗalibi ya rubuta ainihin sunan yankin da zai je a takardar neman biza, ya binciki filin jirgin da zai sauka da wanda zai tashi, ya karanta abin da aka buga masa a fasfo kafin ya bar ofishin jakadanci. Wannan gargaɗi ya shafi mai zuwa yankunan Holan da Danmak da Ingila kamar yadda ya shafi mai zuwa na Faransa. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar a yi ta tun kafin a biya kuɗin tikiti.