Mikin da ya ƙi warkewa: kar mu jira sai ya cinye kunne



A garuruwanmu, da an ce za a yi ma mutum gashi, wato radiyoterapi, sai dangi su fara kuka tun ba a shiga mota ba. A ganinmu, wannan tsoron ne ke ɓata mana lokacin da ciwon ke jin magani.

Kansar fata takan fara kamar wasa: ɗan miki a kunne, leɓe ko hanci, ya yi ɓawo, ya fashe, ya yi jini, wata da watanni bai rufe ba. Ƴan uwanmu zabiya sun fi shiga hatsari, saboda fatarsu ba ta da kariya daga ranar nan tamu. Tsohon gyambo da tabon ƙuna ma suna iya rikiɗewa. Mu kuwa sai mu ce sammu ne, a yi ta shafe-shafe.

Idan an je da wuri, likita zai ɗebi ɗan nama a auna. In kansa ce, galibi ƙaramar fiɗa ta isa. Inda yanka zai ɓata fuska, ko tsoho ba zai jure fiɗa ba, a nan gashi ke da amfani. Ba wuta ake sa ma mutum ba. Haske ne ake saitawa daidai wurin ciwon, mintoci kaɗan a rana, yawanci kwana 5 a mako, har wasu makonni. Ba a jin zafi lokacin da ake yi. Fatar wurin takan yi ja ko ta saɓule, daga baya ta warke. Mai jinya na iya cin tuwo kwano ɗaya da iyalinshi.

Tun 2021 muna da wannan mashin a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, a Yamai. Amma daga Maraɗi ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Manomi ya baro gona, ina zai kwana duk waɗannan makonni? Wa zai ciyar da shi? Muna kira ga hukumomi da ƴan kasuwarmu su tanadi masauki ga masu jinya, a kuma horar da ma'aikatan CSI su gane irin wannan miki, su tura mutum gaba.

Mu iyaye, ɗanmu zabiya ya samu malafa da riga mai dogon hannu. Mikin da ya wuce wata guda kuma, a kai shi likita.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.