Ɓera Ma Ba Ya Manta Ladan Jiya



Kwanan baya wani maƙwabcina, mai tsire a nan New Bell, ya zo mini da kuka. Ya ce ya ɗauko yaro daga Garwa, watan farko yana ba shi jaka biyu kullum saboda kasuwa ta buɗe. Da damina ta kankama ciniki ya ja baya, sai ya mayar da shi jaka ɗaya. Nan da nan yaro ya yi sanyi, ga ɓata rai, har ya kwashe kayansa ya koma wajen wani a Deido. Abin da ya fi ƙona masa rai, can ma jaka ɗaya ake ba shi. Ya ce, "Malam, wannan ba butulci ba ne?"

Na ce masa ya zauna in ba shi labarin ɓeraye.

A shekarar 1942 wani masani mai suna Leo Crespi, a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya koya wa ɓeraye gudu cikin wani dogon lungu na katako, da abinci a ƙarshensa. Wasu yakan ajiye musu ƙwaya 256, wasu 16, wasu ɗaya tak. Masu babban rabo suka fi kowa sauri. Daga baya sai ya mayar da su duka kan 16. To, a nan ne abin mamaki ya fito. Waɗanda aka sauko da su daga 256 suka riƙa jan ƙafa, har suka kasa kamo waɗanda tun farko 16 suka sani. Waɗanda aka ɗaga kuwa, gudu suka yi har suka wuce su. Abinci ɗaya, lungu ɗaya, amma kowa da jiyan da yake tunawa.

A 1963 kuma Charles Catania ya gwada tattabaru. Tattabara takan ƙwanƙwasa wani maɓalli da baki, sai a buɗe mata hatsi na 'yan daƙiƙu. Idan maɓallin ɗaya ne, ko an ba ta daƙiƙa 3 ko 6, aikinta bai cika canzawa ba. Amma da aka jera mata maɓalli biyu, ɗaya ya fi ɗaya lada, sai ta karkata ga mai tsoka. Ashe girman lada ba ya cizo sai an sami abin gwada shi da shi, ko na jiya ko na maƙwabci.

Dattawanmu sun ga irin wannan da idonsu. A 1993 an zaftare albashin ma'aikatan gwamnatin Kamaru har sau biyu. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya saba da babban albashi ya fi jin zafin abin a kan wanda bai taɓa riƙe shi ba, ko da abin da ya rage a aljihunsu ɗaya ne.

Ban ce ɗan Adam ɓera ne ba, Allah ya ba mu hankali da haƙuri. Amma mai hankali yakan ɗauki darasi ko daga dabba. In za ka yanka wa yaron shago, ko mai tuƙa maka babur, ko ɗanka mai zuwa makaranta, to ka fara da abin da za ka iya riƙewa har ranar da babu ciniki. Ribar lokacin Sallah a ba da ita da sunan kyauta, a faɗa a fili, kada ta zama albashi. In kuma ragewa ta zama dole, a zauna a buɗe wa yaro littafin ciniki tun kafin ranar, domin shi yana jin bayani, ɓera ne ba ya ji.

Maƙwabcina ya yi shiru, can ya ce gobe zai leƙa Deido. Daidai ruwa, daidai tsaki.