Raddi ga Masu Cewa Igwar Babila Ce Ƙofar Samaniya da Aka Toshe wa Ƙasashe Masu Tasowa

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin masu bibiyar tarihin makamai da siyasar Gabas ta Tsakiya game da Gerald Bull, injiniyan nan ɗan Kanada da aka harbe a ƙofar gidansa a birnin Brussels ranar 22 ga Maris 1990. Masu ra'ayin suna cewa mutumin ya gano hanya mai arha ta cilla tauraron ɗan'adam zuwa sararin samaniya da ƙatuwar igwa, wato babbar bindiga mai dogon bututu, kuma manyan ƙasashe suka kashe shi, suka ƙwace sassan igwar da yake haɗa wa Iraƙi a ƙarƙashin Shirin Babila, don kada wata ƙasa mai tasowa ta shiga fagen da suka keɓe wa kansu. Ra'ayin yana da farin jini domin ya dace da abin da mutane suka riga suka sani na danniyar manyan ƙasashe, wadda ba mai musa ta, amma kasancewar danniyar gaskiya ce bai isa ya gaskata duk labarin da aka jingina mata ba, kuma wannan labarin, idan aka bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsayuwa da ƙafafunsa.

Hujjarsu ta farko ita ce Bull ya riga ya tabbatar da fasahar tun a shekarun 1960, lokacin da yake jagorantar shirin HARP na binciken saman iska, wanda jami'ar McGill ta gudanar da kuɗin gwamnatin Kanada da rundunar sojan Amurka. Gaskiya ne an kafa igwar jirgin ruwan yaƙi mai faɗin baki inci 16 a tsibirin Barbados, gaskiya ne kuma a Nuwamba 1966 wata irinta da ke Yuma a jihar Arizona ta cilla harsashi zuwa tsayin kusan kilomita 180, abin da har yau babu wata bindiga da ta zarce. Sai dai a ce musu kaiwa sama daban, zama a sama daban. Tauraron ɗan'adam ba don tsayinsa kaɗai yake zama a falakinsa ba, wato hanyar da yake bi yana kewaya duniya, sai don gudun da yake yi a kaikaice, kusan kilomita 7.8 a kowace daƙiƙa, gudun da ke sa duk faɗowar da ƙarfin jan ƙasa ya sa shi ya yi, doron duniya ya lanƙwashe ya kauce masa. Harsashin Yuma ya bar bakin bututu da gudun da bai wuce kilomita 2.1 a daƙiƙa ba, ya miƙe sama, ya dawo ƙasa cikin mintoci. Tun da yake ƙarfin da ake bukata yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, tazarar da ke tsakanin gudun Yuma da gudun falaki ta kai kusan ninki 14, ba kuwa tazara ce da ƙarin albarushi zai cike ba, domin harsashi ba ya iya wuce saurin da iskar ƙonewar albarushi take buɗewa a bayansa, kuma wannan iskar tana da nauyi, tana da iyakar da ba ta ƙetarewa komai tsawon bututun.

Ko da an ƙaddara an sami gudun, akwai wata matsala ta lissafi da ba ta da magani daga cikin bututu. Duk abin da aka ingiza sau ɗaya daga ƙasa aka bar shi, hanyarsa zagaye ce da dole ta sake ratsa wurin da ya tashi, ma'ana zai dawo ya daki ƙasa kafin ya cika kewaye guda, sai fa idan an sake ingiza shi yana can sama domin a gyara masa hanya. Bull ya san haka sarai, shi ya sa abin da ya tsara harbawa daga babbar igwar Babila, mai faɗin baki mita 1 da tsawon mita 156, roka ce sukutum mai nauyin kusan tan 2, wadda za ta kunna injinta a sama ta kai kaya na kusan kilo 200 falaki. Ashe igwar ba ta maye gurbin roka ba, matakin farko kawai take ɗauke mata, kuma tana yin haka ne da tsada mai yawa ga abin da ke ciki. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa kai abu gudun kilomita 3 a daƙiƙa cikin mita 156 yana danne shi da kusan ninki 3,000 na nauyinsa, alhali 'yan sama jannati a roka suna ɗaukar ninki uku ne zuwa huɗu. Ana iya ƙera ƙananan na'urorin lantarki su jure irin wannan bugu, kuma HARP ya yi hakan, amma faifan ɗaukar hasken rana da madubin hangen nesa da tankin mai, waɗanda su ne ke sa tauraro ya zama mai amfani, ba haka suke ba. Rokar Martlet 4, wadda aka tsara ta kai falaki tun zamanin HARP, ba a taɓa harba ta ba har kuɗin shirin ya yanke a 1967.

Batun arha kuwa ba ya bukatar dogon bayani, domin farashin da ake ambatawa lissafin takarda ne da aka gina a kan zaton za a riƙa harbi akai-akai, daga igwar da ba a taɓa haɗa ta ba, wadda kuma, da yake a kwance za ta kasance a jikin dutse tana kallon gefe guda, falaki iri ɗaya kawai za ta iya kai kaya.

Hujjarsu ta biyu ita ce Bull masani ne tsantsa wanda bai damu da komai ba sai samaniya, don haka aikinsa na lumana ne. Babu shakka burin samaniya ya mallaki zuciyarsa tun yana matashi, har ya rubuta littafi tare da Charles Murphy a kan igwar da Jamusawa suka yi wa birnin Faris luguden wuta da ita a 1918 daga nisan kusan kilomita 120. To amma son abu ba ya wanke hanyar da aka bi aka neme shi. Bayan rushewar HARP, kamfaninsa na Space Research Corporation, wanda filinsa ya ratsa iyakar Quebec da Vermont, ya ƙera igwar yaƙi GC-45 mai faɗin baki milimita 155, da harsasai masu sabon fasali da ke kai kusan kilomita 39, nisan da ya zarce na igwogin da rundunonin Yamma ke amfani da su a lokacin. Wa ya fara cin moriyarta? Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda sojojinta suka sha kashi a Angola a hannun rokokin Tarayyar Sobiyet masu dogon zango, aka kuma yi mata fasa-ƙwaurin dubban harsasai ta tsibirin Antigua, duk da takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Kwamitin Sulhu ya mayar wajibi a 1977. Daga wannan fasaha aka haifi igwar G5, wadda ta yi ta ruwan wuta a Cuito Cuanavale da ke Angola a 1987 da 1988. Bull ya amsa laifinsa a kotun Amurka a 1980, ya yi watanni a kurkuku. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ga ɗan Afirka, musamman ɗan ƙasar da gwamnatin Murtala Muhammad ta tsaya kai da fata a bayan ƙungiyar MPLA ta Angola a 1975, yana kiran wannan mutum gwarzon raunana, alhali igwarsa a kan 'yan Angola ta sauka. Haka kuma samfurin igwar da kamfanin Noricum na Ostiriya ya ƙera ya isa hannun Iraƙi da Iran duka biyu suna tsakiyar yaƙi, abin da ya zama babban abin kunya a siyasar Ostiriya.

Idan suka ce ai igwar Babila ba ta da amfani a yaƙi, domin ba ta juyawa, ba ta ɓoyuwa, kuma jirgin sama zai rusa ta a hari ɗaya, sai a ce musu wannan gaskiya ne, kuma tarihi ya goyi bayansu, tun da igwar V-3 da Jamus ta haƙa wa rami a Mimoyecques da ke arewacin Faransa don ta daki London, jiragen Birtaniya sun lalata ta a Yulin 1944 kafin ta yi harbi ko ɗaya. Sai dai raunin makami ba shaida ba ne a kan niyyar mai sayensa. Gwamnatin Iraƙi da ta ba da kwangilar a 1988 ita ce wadda ta zuba iska mai guba a Halabja a Maris na wannan shekarar, kuma Husaini Kamil, surukin Saddam Husaini da ya shugabanci masana'antun soja, bayan ya tsere zuwa Jordan a 1995 ya bayyana cewa an so igwar ne don kai hari mai nisa da makantar da taurarin leƙen asiri. An yi odar bututun daga kamfanonin Sheffield Forgemasters da Walter Somers na Ingila da sunan bututun masana'antar man fetur, kuma Iraƙi ta ci gaba da musa wanzuwar shirin har Yulin 1991. A lokaci guda Bull yana ƙera wa sojojin Iraƙi igwogi masu tafiya da kansu, Majnun da Al-Fao, waɗanda aka baje a kasuwar makamai ta Bagadaza a 1989.

Hujja ta uku, wadda ita ce zuciyar ra'ayin, ita ce kisan kansa ya nuna cewa igwar ta tsorata manya. Wajibi ne a faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa harbe mutum a ƙofar gidansa ba tare da shari'a ba ta'asa ce, ko me ya aikata, kuma rashin gurfanar da kowa har yau tabo ne. Zargi ya fi karkata ga hukumar leƙen asirin Isra'ila, Mossad, kuma yana da tushe, ganin yadda Isra'ila ta rusa tashar nukiliyar Osirak ta Iraƙi a Yunin 1981, da yadda aka kashe masanin nukiliya ɗan Masar Yahya al-Mashad a Faris a 1980 yana yi wa Iraƙi aiki. Amma ko an karɓi zargin, bai tabbatar da dalilin da suke bayarwa ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne aikin da Bull yake taya Iraƙi a kan makamai masu linzami, domin a Disamba 1989 ta gwada rokar Al-Abid, wadda matakinta na farko makaman Scud biyar ne aka ɗaure wuri ɗaya, kuma roka mai matakai da ke iya ɗaukar tauraro tana iya ɗaukar bam, tana kuma iya sauya wuri. Makonni kaɗan bayan kisan Saddam ya yi barazanar ƙone rabin Isra'ila, kuma a farkon 1991 abin da ya faɗa a kan Tel Aviv makaman Al-Husaini ne, wato Scud da aka ƙara wa zango. Idan da igwa ce sirrin da ake tsoro, da ƙasashen da suka kutsa samaniya ba da yardar Yamma ba sun bi ta, tun da sakamakon HARP a buɗe aka wallafa shi. Indiya ta kai tauraronta Rohini falaki a 1980, Iran ta kai Omid a 2009, Koriya ta Arewa ta yi nata a 2012, dukkansu da roka, duk da cewa biyun ƙarshe suna cikin takunkumi mai tsanani. Nijeriya ma da ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003, gurbi ta saya a rokar Rasha da ta tashi daga Plesetsk.

Suna kuma kafa hujja da kamun da jami'an kwastam na Birtaniya suka yi a tashar jiragen ruwa ta Teesport a Afrilun 1990, inda suka tsare sassan bututu takwas, da makamantansa a Girka da Turkiyya da Italiya, suna cewa wannan haɗin baki ne na toshe wa Iraƙi hanya. Abin da ya fito fili daga baya akasin haka ya nuna. Ɗan majalisar Birtaniya Hal Miller ya shaida cewa tun 1988 ya sanar da hukumomin gwamnati shakkun da kamfanin Walter Somers yake da shi a kan odar, aka bar aiki ya ci gaba, mafi yawan sassan suka isa Iraƙi, har aka haɗa ƙaramar igwar gwaji mai faɗin baki milimita 350 a Jabal Hamrin da ke arewacin Bagadaza. An janye tuhumar da aka yi wa waɗanda aka kama, shari'ar kamfanin Matrix Churchill kan sayar wa Iraƙi kaya ta rushe a 1992, kuma rahoton alƙali Richard Scott na 1996 ya nuna cewa an sassauta ƙa'idojin sayar wa Iraƙi kaya ba tare da an gaya wa majalisa ba. Maƙarƙashiyar da takardu suka tabbatar, ke nan, ita ce ta gwamnatocin da suka kau da kai saboda ciniki da ƙiyayyar Iran, har sai da Saddam ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Saura abin da suke fakewa da shi a ƙarshe, cewa da Bull ya rayu da ya warware sauran matsalolin. Wannan magana ce da ba a iya gwada ta a kansa, amma an gwada ta a kan wasu da suka fi shi kuɗi da kayan aiki. A shekarun 1990 ɗakin binciken Lawrence Livermore na gwamnatin Amurka, ƙarƙashin John Hunter, ya gina igwar SHARP mai amfani da iskar haidurojin, wadda saboda rashin nauyinta take buɗewa da sauri fiye da iskar albarushi, ta kuma cilla abu mai nauyin kusan kilo 5 da gudun kilomita 3 a daƙiƙa, sannan aka dakatar da kuɗin shirin. Kamfanin SpinLaunch ya fara gwaji a New Mexico a 2021 da wata na'ura mai juya harsashi ta sake shi kamar majajjawa, shi ma tsarinsa ya dogara da roka a matakin ƙarshe. Babu wanda ya harbe waɗannan injiniyoyi, babu kwastam da ya ƙwace bututunsu, kuma daga cikinsu babu wanda ya kai ko kilo ɗaya falaki.