Zalika Souley: daga majigi zuwa aikatau

Jama'ar Zongo, musamman 'yan Nijar da ke sauke kaya a nan Kwatano, ku tambayi dattawanku wace ce Zalika Souley. A Yamai aka haife ta a 1947. Ba ta cika shekara 20 ba Moustapha Alassane ya saka ta a Le Retour d'un aventurier, fim ɗin kaboyi na 1966. Budurwa a majigi, a wancan zamanin? Tabɗi!

Daga nan sai Oumarou Ganda. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya nace sai ya ƙara aure, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, kuma da Zalika a ciki. Sai dai yawanci muguwar mace ake ba ta, ko kishiya ko karuwa, mutanen gari kuwa suka ɗauka halinta ke nan. Suna ta samu, zagi ta sha, kuɗi babu. Har yau haka muke yi wa 'yan matan fim ɗin Kano: mu kalla da dare, mu zage su da safe.

Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, Rahmatou Keïta ta ɗauki rayuwarta a fim ɗin Al'lèèssi, ga ta da 'ya'yanta a gidan da ko famfo babu. Daga baya ta bi hanyar da muka sani sarai, ta tafi ci-rani ƙasar waje, aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a Yulin 2021. Allah ya jiƙanta.